Unguwar da Aka Ba Uwani

Tun da aka kafa sabuwar dokar, duk ɗalibin ilimin zamantakewa ana ba shi unguwa guda, ya riƙa kai wa hukuma rahoton mutanenta kowane mako. Uwani ta kai wa kawunta Tanimu, tsohon malamin jami'a, takardar shiga wannan fanni don ya ba ta shawara.

"Kawu, gurbin da ya rage ke nan. In ban karɓa yau ba, sai baɗi."

"Wace unguwa suka ba ki?"

"Tamu."

Ya daɗe yana duban takardar. "Karatu ne mai kyau," ya ce a hankali.

Ta sa hannu. Da ta koma gida, ta tarar innarta da maƙwabciyarsu suna hira. Ashe labarin ya riga ta isowa; suna ganinta suka katse hirar. Maƙwabciyar ta miƙe ta ba ta kujera.