Akuyar Inna da Haƙorina

Ina 'yar shekara tara santsi ya kwashe ni a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, inda muke wanke kwandunan tumatir. Bakina ya daki siminti, haƙorina na gaba ya karye biyu.

Babanmu ya raka kayan gwari kudu, Baffa yayansa ke riƙe da gidan. Da la'asar Inna ta dawo da ni daga asibiti, ta durƙusa ta gaya masa abin da aka ce. Haƙorin zai gyaru, amma sai a Kano, sai an kashe jijiyar an cike shi, kuma zuwan ba ɗaya ba ne.

Baffa ya ce, "Kuɗin takin gona za mu zuba a bakin yarinya? Gobe wanzami ya cire shi."

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe ta je turke, ta kwanto akuyarta mai ciki.

"Da izinin wa?" in ji Baffa.

"Yaya, akuyar tawa ce, bakin kuma na 'yata ne. Ba mai cire mata shi."

Muka nufi gidan dillali, ina tafe ina toshe baki da mayafi saboda mutane. Ta janye hannuna ta ce, "Buɗe su gani. Faɗuwa kika yi, ba sata ba."

Da kuɗin akuyar aka gyara shi a Kano. Har yau haƙorin yana nan, ya ɗan yi duhu. Ban taɓa ɓoye shi in ina dariya ba, kuma ba zan fara ba.