Yaɓen Kuntala

Duk ƙauyen Balipada babu macen da ta kai Kuntala iya yaɓe. In ta kwaɓa jar ƙasa da kashin shanu ta shafe bango, ta bi shi da zanen ƙullun shinkafa, sai ka rantse ba hannu ne ya yi ba. Ita ma ta san haka, shi ya sa ba a iya mata.

Ana gab da bikin fitilu sai ga masu feshin maganin sauro. Suka bi ɗakunanta lungu-lungu, bango ya yi dabbare-dabbare kamar fuskar mai ƙyasbi.

"Inna, kada a taɓa bangon nan sai bayan girbi," in ji babbansu. "Sauro in ya sha jini, bango yake hawa ya huta. Nan maganin ke jiransa."

"To, ɗana," ta ce, har da ba shi ruwa.

Ko ƙurarsu ba ta kwanta ba ta hau kwaɓa ƙasa. Mijinta Bidyadhar ya leƙo.

"Maman Minati, ba ki ji abin da mutumin ya ce ba?"

"Na ji, Baban Minati. Shi zai tari baƙi a ɗakin nan? So kake matan unguwa su ce kaji ne suka yi mana zane? Kuma ai ban cire maganin ba, rufe shi na yi kada ya sha iska."

Bidyadhar ya koma inda ya fito, don ya daɗe da sanin mai gardama da Kuntala da yunwa yake kwana.

Biki ya yi armashi. Mata suka yi ta yaba bango. Sauro ma ya yaba, har ya tare da danginsa.

Shinkafa na nuna, zazzaɓi ya kayar da Bidyadhar, ya kayar da 'yarsu Minati, ya haɗa da Kuntalar. Haƙora na kaɗawa, ba mai iya ɗaga lauje, maƙwabta kuwa kowa na ta kansa a gonarsa. Ana haka ruwan bazata ya sauko ya kwantar da shinkafar cikin laka.

Ranar da Kuntala ta iya takawa gona, ta tarar abincin shekara ya tsiro a cikin laka. Ta zauna a kan kunyar gonar ta yi kuka mai cin rai. Kafin wata ya mutu Bidyadhar, yana tafe yana haki, ya tafi ci-rani wajen masu gasa bulo.

Jama'a, in ma'aikatan lafiya sun ce a bari, to a bari. Kwalliyar da za ta hana ku cin tuwo ba kwalliya ba ce.