Uwa Ba A Taya Ta

Ina da shekara goma sha huɗu, watanni kaɗan bayan rasuwar Inna, Baba ya kai ni shagon wani mai gyaran kwamfuta a Kaura Namoda. Na daɗe ina tara kayan haɗa tawa, abu ɗaya ya rage.

Mai gyaran ya ajiye alluna biyu a gabanmu, sabo da na hannu. Na san aljihun Baba, sai na nuna na hannun.

"Mi ake ce ma wanga abu?" in ji Baba.

"Madabod, Malam," in ji mai gyaran. "Wato uwar kwamfuta, komai jikinta yake kamawa."

Baba dillalin awaki ne, ko goro ba ya saye sai ya taya. Amma ranar sai ya ɗauki sabon, ya miƙa kuɗin takin gonarmu.

"Baba, ba ka taya ba."

"Uwa ba a taya ta," ya ce, bai dube ni ba.

Yanzu Baba ya rasu, gyaran kwamfuta ya zama sana'ata. Duk wanda ya taya madabod a shagona, da sauri nake rage masa, don kada ya ga idona.