Gwangwani Ɗari Uku, Babu Suna

Daga bakin surukina na ji wannan misalin. Ɗansa, wato maigidana, ya bai wa, ranar da ya ga ɗan ya cike takardar tsarin ajiyar bayanan bincikensa ya cusa ta a aljihun tebur, yana cewa ai ta ofis ce kawai. Ina gefe ina tsince shinkafa, ban san lokacin da hannuna ya tsaya ba.

Surukina ya ce an yi wani malamin binciken noma da ya shekara huɗu yana bin ƙauyuka yana karɓar irin gero na gado. Duk inda ya je sai ya roƙi rabin mudu, ya yi alkawarin zai adana musu a ɗakin sanyi, ranar da suka nema a ba su. A aikinsu ba a rubuta suna a jikin gwangwani, lamba ake sawa, don kada mai gwaji ya yi son kai. Sunan gari da na manomi kuwa suna cikin wani littafi mai baƙin bango, shi kaɗai ne ya san wace lamba ce ta wa.

Tun kafin ya fara an sa shi ya rubuta tsari: me zai tara, ina zai ajiye, wa zai riƙe kwafi. Ya rubuta da kyau, har aka yaba masa. Ya sa takardar a leda ya ɗora a kan littafin, ya kulle kabad. Daga baya ma'aikatarsu ta mayar da tsarin cikin kwamfuta, inda ba ya kwanciya shiru kamar takarda. In ka shigar da lamba babu sunan gari, sai ya ƙi karɓa. In mako ya wuce ba ka yi kwafi ba, sai saƙo ya same ka a waya. Abokiyar aikinsa mai binciken wake ta koma kai, ta ce masa, "Malam, ka shigo mana, ko sai an aiko maka da goron gayyata?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, da furfurata na'ura za ta riƙa yi mini tuni kamar ɗan firamare? Littafina dai bai taɓa neman caji ba."

Aka yi fari shekara biyu a jere. A wani ƙauye can arewa yunwa ta sa mutane suka daka irinsu suka ci, har na cikin tulun da ake liƙe wa baki da laka. Da ruwan farko na damina ya sauka, sai wani tsoho daga garin ya tuna da alkawari. Ya hau mota tun safe, ya iso da ƙurar hanya a rawaninsa.

Ya ce, "Malam, ajiyarmu na zo karɓa. Ko cikin tafi ɗaya ne ya isa, mu dai kada geron kakanninmu ya ƙare a hannunmu. Shi kaɗai ke nuna mana kafin ruwa ya ɗauke."

Malamin ya ce, "Baba, zauna ka sha ruwa, yanzun nan."

Ya buɗe kabad, ya ɗaga littafin, sai bango kawai ya biyo hannunsa. Gara ta shigo ta bayan katako ta cinye cikin tas, ta bar ƙasa a madadin shafuka. Takardar tsarin kuwa tana nan cikin ledarta fes, ko ɗigo babu, layin farko yana cewa za a kwafi sunayen garuruwa a kwamfuta kowace Juma'a. Juma'a nawa ta wuce, shi ma bai iya ƙirgawa ba.

Ya ja tsohon zuwa ɗakin sanyi, ko Allah zai sa ya gane da ido. Gwangwani ɗari uku a jere, kowanne da lambarsa. Tsohon ya buɗe goma, ya buɗe ashirin, ya murza, ya shinshina, ya tauna. Ƙwayar gero ce dai, wannan kamar wancan.

Ya ce, "A gona nake sanin sa, ɗana, a zangarniya. To, a shuka duka mana mu gani."

Malamin ya sunkuyar da kai ya ce, "In aka shuka su kusa da juna iska za ta gauraya su, Baba, abin da zai fito ba naku ba ne. A ware kowanne a gonarsa kuwa, ba aikin bana ba ne, ba na baɗi ba."

Suna nan tsaye sai ga wata mata daga wani gari ta zo neman irin wakensu. Hajiya ta buga sunan garin a kwamfuta, lamba ta fito, ta miƙa hannu ta sauko mata da shi, ko zama matar ba ta yi ba.

Tsohon ya kalli matar har ta fita. Ya dafa kantar gwangwanayen ya ce, "Yana nan ciki ke nan?"

"Yana nan, Baba."

"Kuma zan koma hannu rabbana."

Ya sa takalmansa ya kama hanyar tasha, ƙasa a jiƙe tana jiran shuka.

Nan surukina ya dubi ɗansa ya ce, abin da aka ajiye ba a san inda yake ba, da shi da wanda ya ɓata duk ɗaya ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.