Takardar da Nas Perpetual Ta Cike

"Kin san ko ni wane ne?" Oga Thaddeus ya daki teburin Nas Perpetual har kwalbar magani ta kife. Ya tsallake layi, ya zagi mai gadin asibitin, wai ɗansa Elvis ya gagari kowa, har makaranta ta kore shi.

Perpetual ta taɓe baki, ta ci gaba da cike takardar alamomin matsalar ɗabi'a: saurin fushi, zagi, ƙin bin layi, ɗora wa wasu laifi.

Ya leƙo ya karanta. "Yauwa! Duk halinsa ke nan!"

Ta kalli Elvis, yana durƙushe yana tsince ƙwayoyin da uban ya zubar.

"Oga, ai ban fara duba yaron ba tukuna."