Dattijo Mai Kaki

"Tir," in ji tsohon, ya ture wayar da mai aski ya miƙo masa.

Wasa ne a ciki. Wani dattijo na zaune a kujera yana watsa kaki ta ko'ina, mai wasan kuma yana tarewa da gwangwani kafin ya taɓa ƙasa. Duk shagon shi ake bugawa, ana dariya.

"Wane marar tarbiyya ne ya ƙirƙiro wannan ƙazanta?"

Sai dattijon cikin wayar ya yi gyaran murya. Tsohon ya san muryar nan. Ya sake dubawa. Hularsa ce, har da giɓinsa.

Da rabin aski ya koma gida, ya tsare ɗansa da ya yi karatun kwamfuta.

"Abin da na tura ka koyo ke nan? Ka zubar da mutuncin ubanka a titi?"

"Wallahi Baba ba ni ba ne."

"Ƙyale yaron nan, Malam," in ji matarsa, tana matse tsumma. "Yanzu ba sai da boko ba. Hotonka da muryarka na ɗauka, na jajja da yatsa, na danna, ya shiga duniya."

"Ke?"

"Tun ina amarya nake goge maka daɓe. Na ce bari jama'a su taya ni."

Kaki ya taso masa. Ta turo masa gwangwani da ƙafa.

Ya dubi gwangwanin, ya dubi daɓen. Ya haɗiye abinsa.