Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar cewa mara lauya ba zai ga alƙali ba sai da Ɗan-rakiya, wani ɗan abu mai magana da ake maƙala wa mutum a kunne, Tabawa ba ta taka kotu ba sai ranar da ta zo belin ɗanta na fari.

Masinjan kotu ya maƙala mata, ya ce, "Inna, ki amsa duk abin da ya tambaya. Shi zai shaida ke ce uwar yaron."

Ɗan-rakiya ya ce, "Wa kika zo karɓa?"

"Yaron nan."

"Faɗi sunansa."

Tabawa ta sunkuyar da kai. A garinsu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Bakinta bai taɓa furta shi ba, ko lokacin da ƙyanda ta kusa ɗauke shi.

Ta dubi masinja. "Ɗana, kai ka faɗa masa mana."

"Wallahi Inna, muryarki yake so."

Ta ja mayafi ta kare bakinta, ta ce, "Mamuda." Sunan ya fito a karkace, kamar na aro.

Ɗan-rakiya ya ce, "Harshenki bai saba da wannan suna ba. A turo danginsa."

Masinja ya cire abin, ya goge da gefen riga, ya miƙa wa na bayanta.

Tabawa ta zauna a bakin ƙofar kotu, tana maimaita sunan a hankali, saboda gobe.